Hannun Tambaya Wanzami

Yatsan tsakiya ne ya fara, na hannun dama. Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai yatsan ya kumbura tun daga tushe har farce, ya yi suntum kamar ƙaramin rogo. Tambaya bai gaya wa kowa ba. Ni ma a bakin masallaci na gani, yana alwala, buta tana neman suɓuce masa.

Tambaya yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wanzami ne a Bungudu, shi ya gaji zabirar babanmu. Ni kuwa, Isah, noma nake yi, idan rani ya yi in taɓa kabu-kabu. Wanzanci a wurinmu ba buɗe shago ba ne ka zauna jiran wanda ya ga dama. Gidaje ake gada. Kowane gida da wanzaminsa, shi zai aske jariri ranar suna, shi zai yi wa yara kaciya, shi zai kafa wa tsofaffi ƙaho. Idan ka bari wani wanzami ya yi askin suna a gidan da ka gada, ko sau ɗaya ne, to gidan ya tafi. Mata sun ga hannunsa, gobe shi za su aika a kira. Babanmu ya bar wa Tambaya gidaje masu yawa, amma masu injin aski sun kwashe matasa, asibiti ya ɗauke rabin kaciya. Abin da ya rage masa mai daraja shi ne askin suna.

Ya daɗe da wani abu a fata. A gwiwar hannu da ƙeya da bayan kunne, faci-faci masu kauri, suna ɓarewa fari-fari kamar busasshen koko a bakin kwano. Mu kirci muke ce masa. Babanmu ma ya yi shi a ƙwauri har ya koma ga Allah, bai hana shi komai ba. Hula da doguwar riga suna rufe na Tambaya, ba wanda ya damu.

Da na ga yatsan na ce, "Yaya, wanga abu na asibiti ne."

Ya ce, "Su ce mani mi? Mugun jini ne ya taru. Shekara nawa ina fitar wa mutane shi, sai nawa ne zan kai wa yaro mai farar riga?"

"To ai hannun dama ne. Da mi za ka tsaga?"

"Da hagu. Kai kuma ka zuƙa."

Ban iya aski ba, ban taɓa iyawa ba, amma ɗan gidan wanzamai ba ya rasa iya zuƙar ƙaho. Muka zauna a zaure da hantsi. Ya ɗauki 'yar tsaga, ƙaramar askar kafa ƙaho, da hagu, ya jera tsaga a bayan hannunsa da wuyan hannu, layi-layi, a miƙe kamar ya auna. Na kafa ƙaho na zuƙa. Jini ya fito baƙi, kamar yadda yake fitowa a jikin kowa. Ya kalla ya gyaɗa kai, ya ce ka gani ko.

Tsagar ta warke, amma ba ta kwanta ba. Kowane layi ya taso ya yi kauri, ya yi farin ɓawo, daidai inda aska ta bi, babu ƙari babu ragi. Ni na tsorata. Shi kuwa murna ya yi.

Ya ce, "Dauɗar ce ta samu ƙofa. Da can tana ɓoye cikin ƙashi, yanzu tana fita. Ɗauko ƙahon."

Muka ƙara. Gwiwa ta kumbura, muka tsaga gwiwa. Idon sawu ya kama, muka tsaga nan ma. Kafin a gama yankan gero hannayensa biyu sun zama kamar an yi masu zane da farar ƙasa, a wurin da babu rigar da za ta rufe. Farcensa ya yi ramuka ƙanana kamar an tsattsaga da allura, ɗaya ya fara ɗagowa daga nama. Da safe sai ya daɗe zaune a bakin gado kafin ya iya taka dugadugansa. Yatsan nuni ya lanƙwashe daga gaɓar ƙarshe, ya ƙi komawa.

Matarsa Luba 'yar 'Yankuzo ce. Ƙanenta ya zo dubiya, ya kawo wasu ƙwayoyi farare ƙanana daga wani mai magani a Tsafe, ya ce masu ciwon ƙashi duk su suke sha. Gaskiya sun yi aiki. Cikin 'yan kwanaki Tambaya ya miƙe yana tafiya kamar saurayi, yana cin tuwo kamar mai huce haushi. Fuskarsa ta cika ta yi zagaye, mutane suna cewa ya samu lafiya har ya yi ƙiba. Sai hanyar Tsafe ta lalace, aka yi makonni ba mai son bin ta, ƙwayoyin suka ƙare. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Kircin ya fashe a baya da ciki da cinya, ja wur, yana zafi kamar ƙuna. Idan ya tashi daga tabarma sai Luba ta share ɓawo.

Daga nan maganar kuturta ta shigo. Ba wanda ya faɗa a gabansa. Sai dai idan ya miƙa hannu a gaisa, mutum ya ɗora nasa a ƙirji ya ɗan rusuna, wai girmamawa. A ƙofar gida inda muke haɗa kwanuka mu ci tare, sai aka fara zuba masa nasa daban, wai don kada ya wahala da miƙa hannu. Aka yi haihuwa a gidan da babanmu ya aske kakansu, ba a aiko ba. Yana zaune a zaure ya ga Attahiru, wani wanzami daga Kwatarkwashi, ya wuce a kan keke da kason wanzami na naman suna ɗaure a baya. Aka yi ta biyu, aka yi ta uku. Tambaya ya daina fita da zabira. Sai ya ɗauko ta ya wasa asake, ya mayar, ya rataye.

Ana cikin haka Buba ya zo. Bafulatani ne, dattijo, rugarsu tana gindin duwatsun Kwatarkwashi tun da daji ya ƙi zaman lafiya suka matso kusa da gari. Sun daɗe da mu, tun zamanin kakanni. Ya jingine sandarsa, ya ajiye ɗan kwanon man shanu, bai ko gama gaisuwa ba.

Ya kira shi yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, an ce ka kuturce."

Tambaya ya ce, "Wa ya ce?"

"Kowa. Miƙo in gani."

Ya kama hannun da hannuwansa biyu, ya juya shi sama da ƙasa, yana latsa gaɓɓan kamar mai duba kofaton saniya. Tambaya ya cije leɓe.

Buba ya ce, "Ni ban san mi ne ba. Kuturu dai na sani, ba ya cije baki in an latsa shi. Amma ni ba likita ba ne." Ya saki hannun. "Matar ɗana Hamza na da ciki, na fari. Ubanka ya aske ni, kai ka aske Hamza. Matan ruga sun fara magana, uwar yarinyar ta fi kowa. Na ce masu Tambaya ne zai aske jikana. Amma baki na nema da zan rufe nasu da shi. Tahi Gusau a duba ka, ka zo mani da magana."

"In anka ce ita ce fa?"

"Sai mu san ita ce. Yanzu mi munka sani?"

Abin da na yi wata da watanni ina faɗa bai shiga ba, Buba ya faɗa sau ɗaya ya shiga. Na ɗauke shi a babur muka tafi Gusau, muka sauka wurin ƙanwarmu a Damba. Asibiti kuwa sai wanda ya je. Ka yanki kati, ka zauna, a ce ba nan ba ne, ka koma can, a ce likitan sai gobe. Tambaya ya ja hannun riga ya rufe yatsunsa, ya zauna a ƙarshen benci. Sau biyu yana cewa mu tafi gida. Na ce makullin babur yana aljihuna, in zai taka da ƙafa ga hanya nan.

Likitar da muka samu mace ce, ba yarinya ba, ta ɗan manyanta, da gani ita ma ta gaji. Ta sa ya cire riga. Ta duba kai da bayan kunne da farce, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗauki ɗan auduga ta murza shi ya yi tsini, ta ce ya rufe ido, duk inda ya ji an taɓa ya nuna. Ta taɓa facin gwiwar hannu, ya nuna. Ta taɓa na baya, ya nuna. Duk inda ta taɓa sai ya kai yatsa.

Ta ce, "Buɗe idonka, Malam Tambaya. Tabon kuturta ba ya jin taɓi, ko wuta ka ɗora wani lokaci mutum bai sani ba. Naka kuwa ko auduga bai bari ta wuce ba. Wannan ba kuturta ba ce."

Ya buɗe ido ya kalli audugar.

Ta ce sunan ciwon soriyasis. A fata yake farawa, wasu ya tsaya masu nan, wasu kuma bayan shekaru ya shiga gaɓɓai, kamar yadda ya yi masa. Ta ce kircin da ciwon yatsun abu ɗaya ne.

"A cikin jinin kowa akwai masu gadi, aikinsu in cuta ta shigo su kashe ta. Naka sun rikice. Babu cuta, amma sun juya kan fatarka da gaɓɓanka suna duka."

Tambaya ya ce, "Wato 'yan banga sun far wa garinsu."

Ta yi ɗan murmushi. "Kusan haka. Akwai mai irinsa a gidanku?"

Na ce babanmu, a ƙwauri.

"To akwai gado a ciki. Ba kowane ɗa ke samu ba, ga ƙanenka nan lafiya lau. Amma ba a ɗaukarsa. Ko kwano ɗaya, ko musabaha, ko shimfiɗa, ba ya bin kowa. Yana kwance ne a jiki, wani abu ya tashe shi. Damuwa tana tashe shi, ciwon maƙogwaro, taba, da rauni a fata." Ta ɗago hannunsa ta kalli layukan. "Wa ya yi maka wannan?"

"Ni."

"Hannunka na da kyau, layin ya miƙe. Sai dai kowace tsaga da ka yi, kai ka kira shi wurin. Wannan ciwon haka yake, inda fata ta ji rauni nan yake fitowa."

"Hajiya, dauɗa ce ke fita. Aikina ne, na san shi."

"Kafin ka tsaga, akwai shi a bayan hannun?"

"Babu."

"Tsakanin layi da layi, inda aska ba ta taɓa ba, akwai?"

Ya sunkuya ya daɗe yana kallon hannun. Tsakanin layukan fata ce lafiyayya, baƙa sumul.

Da muka ba ta labarin ƙwayoyin Tsafe ta girgiza kai. Ta ce ta san su, suna danne ciwo da sauri, amma suna kumbura fuska, su kawo hawan jini da ciwon suga, ranar da aka daina farat ɗaya kuma fata ta fashe. Ta ce kada ya sake kusantarsu sai da likita.

Aka ɗebi jini aka duba hanta da ƙoda. Da sakamako ya fito ta rubuta masa wasu ƙwayoyi rawaya. Ta ɗaga yatsa ta ce sau ɗaya a mako, rana ɗaya tak, wanda ya sha su kullum zai iya rasa ransa. Ta sa na maimaita, ta sa shi ma ya maimaita. Muka zaɓi Juma'a don ba a manta ta. Da wata ƙaramar ƙwaya ta wata rana daban mai rage wahalar ta farko, da man shafawa, da na rage zafi. Ta ce ya riƙa jiƙa hannu a ruwan ɗumi da safe yana motsa yatsun, kada ya bar su su kwanta. Ya riƙa dawowa ana duba jini. Tsaga kuwa ya bar ta a jikinsa har abada.

Ya ce, "Zai warke?"

"Ba a tumɓuke shi. Kwantar da shi ake yi, kuma yana kwanciya sosai in an riƙe magani. Amma ba yau ba, sai ya yi wata biyu ko uku kafin ka ji bambanci. In bai karɓe ka ba akwai wasu, har da allurai, sai dai samunsu da wuya." Ta taɓa yatsan nunin da ya lanƙwashe. "Wannan gaɓar ta riga ta ci. Ba za ta miƙe ba. Sauran muke so mu tsare."

"Zan riƙe aska?"

"Wataƙila."

"Kan jariri nake nufi."

"Ban sani ba, Malam Tambaya. Ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba."

Muka kai wa Buba magana har ruga. Ya saurara, ya sa na sake faɗin zancen audugar. Sannan ya ce a kawo tuwo da nono a ƙwarya ɗaya, ya zauna a fili inda duk matan za su gani, ya ce Tambaya ya sa hannu. Suka ci tare har suka suɗe. Hamza ma ya zo ya sa hannu. Surukar Hamza, uwar matarsa Hafsat, tana tsaye a bakin bukka da hannu a ƙugu, ba ta koma ciki ba sai da aka ɗauke ƙwaryar.

Makonnin da suka biyo baya babu daɗi. Duk ranar Asabar Tambaya yana kwance, zuciyarsa tana tashi, ko ƙamshin miya ba ya so. Luba ce ke riƙe da ƙwayoyin, ita ke ba shi, ta kuma ɗauke 'yar tsaga daga zabira ta ɓoye inda ni ma ban sani ba. Yana yi mata faɗa tana ci gaba da tankaɗe. A hankali jan fatar ya lafa, ɓawon ya ragu, kumburin yatsan tsakiya ya saɓe har ana ganin gaɓɓansa. Mutanen ƙofar gida suka fara mantawa su zuba masa daban. Wata rana da la'asar na shiga zaure na same shi da duma a kan cinya, ya shafe shi da sabulu yana bi da aska, kamar yadda babanmu yake sa masu koyo. Mutum mai furfura a gemu. Na yi kamar na zo neman wani abu na fita.

Da rana hannun yana ba shi haɗin kai. Da safe ne matsalar. Yakan tashi yatsun a sandare kamar itace, sai rana ta ɗaga sosai suke saki. Askin suna kuwa da safe ake yi, ana gama raɗa suna.

Hafsat ba ta jira maganin ya gama aikinsa ba. Ta haihu kafin lokacin da ake zato, cikin tsananin sanyi, namiji. Hamza ya zo da goro ya faɗa mana, ya ce Baffa, wato Buba, ya ce a gaya wa wanzami ya wasa askarsa.

Ranar suna muka fita da sassafe. Na ce wa Tambaya ya cusa hannuwansa cikin rigata ta baya, ya yi, amma iskar babur ba ta bar shi ba. Da muka isa ruga ya sauka da ƙyar, ya kasa kwance igiyar zabira, ni na kwance. An shimfiɗa tabarmi, maza sun taru, an yanka rago, liman ya raɗa wa yaro Abubakar Sadiƙ. A cikin baƙi, can gefe kusa da turken maruƙa, na hango Attahiru. Ya taso ya gaishe da Tambaya da ladabi, ya ce ya zo taya murna ne. Rigarsa ta yi tudu a hammata. Kowa ya san abin da ke ciki, kowa ya san wadda ta kira shi.

Tambaya ya ce a ba shi ruwan ɗumi. Aka kawo a kwano, ya tsoma hannuwan yana buɗe yatsun yana rufewa. Ruwan ya huce, aka ƙaro. Mutane suka fara kallon rana. Buba ya ce ba inda za a je, shanu ma sun iya jira.

Su a ruga da madara ake jiƙa kan jariri. Aka kawo sabuwar ƙwarya da madara a ciki, wata tsohuwa ta fito da yaron a naɗe cikin zane. Ta tsaya ta kalli Buba. Buba ya karɓe shi da kansa ya ɗora a cinyar Tambaya. Ɗan ƙarami ne ƙwarai, kansa bai fi lemu ba, gashin a kwance luf. Daga ƙofar bukka ina ganin idon Hafsat ta bayan kafaɗar uwarta.

Tambaya ya yi bisimilla, ya ɗebi madara da hagu ya shafa. Ya buɗe aska. Riƙon aska da yatsu uku ne, babban yatsa da na tsakiya su kama, na nuni ya kwanta a bayanta, shi ke faɗa mata nauyin da za ta sauka da shi. Ya ɗora ta a gefen goshi ya ja. Gashin ya fita tas, fatar ta bayyana sumul. Wani dattijo ya ce madalla.

Ya matsa sama, kusa da maɗiga, inda fatar ke bugawa a hankali. Ya ja na biyu. Ina tsugune dab da shi, na ga yatsan tsakiya ya ƙage a rabin hanya, na nunin ya zame, bakin askar ya tashi tsaye. Ya fizge hannun sama kafin ta sauka. Yaron ko motsi bai yi ba. Ban jin wani ya lura, in ba ni da Attahiru ba, don na ga ya runtse ido.

Tambaya ya riƙe askar a sama ya daɗe. Ya gwada rufe yatsan, ya ƙi. Ya sake gwadawa. Sannan ya goge askar a gwiwarsa ya ninke.

Ya ce, "Attahiru, fito da abin da ka ɓoye cikin riga."

Buba ya ce, "Ni ban kira shi ba."

"Ni na kira shi yanzu."

"A ƙaro ruwan ɗumi. Mu jira rana."

"Ko rana ta take, Buba, ban san lokacin da zai ƙage ba. Shi bai gaya mani."

"Kaɗo, ka san abin da kake yi kuwa? In ya aske wanga, ya aske na bayansa."

"Na sani. Amma jaririn nan ɗan mutane ne."

Attahiru ya matso yana sunkuyar da kai, ya tsuguna, ya zaro zabirarsa. Ya miƙa hannu zai karɓi yaron, Tambaya ya ce a'a, a nan zai aske shi. Ya tallabi ɗan kan da tafukansa biyu, masu zanen nan, ya juya masa shi.

Attahiru ya fara. Ya iya aiki, ba zan ɓoye ba, sai dai yana da gaggawa.

Tambaya ya ce, "Kwantar da ita. Ba akuya kake fiɗa ba."

"To, Baba."

"Ƙara madara. Bi ta gefen maɗigar, kar ka hau ta. Wa ya koya maka, mahauci?"

Dattijai suka yi dariya, Attahiru ma ya yi. Aka gama lafiya, aka tattara gashin a ƙwarya, mata suka yi guɗa. Tsohuwar ta karɓi yaron daga hannun Tambaya ta shiga da shi.

Da aka fitar da kason wanzami na nama, Hamza ya tsaya da shi a hannu yana kallon ubansa. Tambaya ya nuna masa Attahiru da haɓa. Attahiru ya ce a raba biyu, Tambaya ya ce shi bai san wannan al'adar ba, wanda ya yi aiki shi ke ɗauka. Kafin Attahiru ya hau kekensa na ji uwar Hafsat tana tambayarsa unguwar da yake a Kwatarkwashi, da wanda za a aika in ana nemansa.

Mutane suka watse, aka kora shanu. Na ɗaure zabira a bayan babur na ce mu tafi. Tambaya yana zaune a tabarma ya shanya hannuwansa a rana, bai ko ɗago ba. Buba ya daɗe tsaye yana kallon duwatsu. Can sai ya jawo turmi ya kife shi, ya zauna a kai, ya cire malafa da hula ya ajiye a ƙasa. Kansa ya yi buzu-buzu da furfura.

Ya ce, "Isah, kwanto masa jakar nan. Kaɗo, zo ka rage mani wanga kaya."

Tambaya ya ce, "Ba ka ga abin da ya faru ba?"

"Na gani. Wanga kai ya sha sanda ya sha ƙahon bijimi. Ba tsohuwar askarka za ta ba shi tsoro ba. Taso, rana na yi mani zafi."

Na kwanto zabirar. Tambaya ya miƙe a hankali, ya dafa kafaɗata kafin ƙafar ta ɗauke shi. Ya jiƙa kan da ruwa da sabulu, ya fara daga ƙeya. Yana ja yana tsayawa, ya buɗe yatsun ya rufe, ya ci gaba. Askin da a da yake gamawa kafin a shanye kofin shayi, yau kafin ya kai rabi rana ta kusa tsaka. A bayan kunnen hagu yatsan ya sake ƙagewa. Jini ya tsatso ɗan siriri ya gangaro wuya.

Buba bai motsa ba. Ya ce, "Ƙuda ne ya cije ni?"

"Awo, ƙuda ne."

"Rugar nan da ƙudaje take. Ci gaba."

Tambaya ya danne wurin da babban yatsa har jinin ya tsaya. Ya ce in ƙaro masa ruwa, sannan ya karkata kan Buba ya koma ɗaya gefen.